Bangon da ya karkace a takarda: yadda waƙafi ɗaya ya cinye mana kwana biyu a Garwa

Ofishinmu na zanen gini ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da kwamfuta uku, a cikin garin Garwa. Akwai injiniya mai sa hannu, da ni da nake riƙe da zane, da wani yaro da ya gama makarantar fasaha yake koyon aiki a hannuna. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40 har fanka ta koma hura wuta, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi ya kawo mana aikin sito da shaguna a hanyar fita zuwa Marwa. Bangon gaba mita 60 ne. Sharaɗinsa shi ne ba za a yi wa bangon filasta ba, yana son bulo ya fito fili, sahu-sahu, kamar wani gini da ya gani a Njamena. Farfajiya kuma a shimfiɗa mata pave, wato ƙananan bulon daɓe, shimfiɗar ƙashin kifi.

Da filasta za a yi, babu wanda zai damu da yadda aka nuna bulo a zane. Amma tun da bangon tsirara zai tsaya, dole sahun bulo na takarda ya zama na gaske, ta yadda saman ƙofa da na taga za su faɗa daidai kan sahu, ba a tsakiyar bulo ba.

A nan hashur ya shigo. Hashur, kamar yadda muka ari kalmar daga Faransanci, shi ne zanen da manhaja ke cike fili da shi tana maimaitawa: layuka masu karkata don nuna kankare da aka yanka, ɗige-ɗige don yashi, sahu don bulo. AutoCAD, manhajar da muke zane da ita, na zuwa da nata a fayil biyu, acad.pat na masu awo da inci, da acadiso.pat na masu awo da milimita. A ciki akwai na bulo mai suna AR-B816, amma bulon Amurka ne, inci 8 da inci 16, wato milimita 203.2 da 406.4. Namu parpen ɗin, wato bulon siminti, santimita 40 ne a tsawo, 20 a tsayi, kuma a ofis mun saba ƙara milimita 15 na simintin da ke tsakani, ya zama 415 da 215. A sahu goma, na Amurka ya kai 2032, namu 2150. Bambancin ya haura rabin bulo. Kumbura shi da sikeli ma ba zai yi ba, domin nasu tsawon ninki biyu ne cif na tsayi, namu kuwa bai kai ba. Sai na ce wa yaron ya rubuta mana namu, guda biyu: na bango da na farfajiya. Na ɗauka aikin rabin awa ne.

Yadda fayil ɗin yake

Fayil na .pat rubutu ne tsura, Notepad ma ya isa. Layin farko yana farawa da alamar tauraro, sai sunan hashur ɗin, wanda ba ya wuce harafi 31, sai waƙafi da ɗan bayani. Kowane layi na ƙasa yana bayyana dangin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, da lambobi a jere: kusurwa, sai wurin farawa a kwance da a tsaye, sai gocewar da kowane layi zai yi daga ɗan'uwansa ta hanyar da yake tafiya, sai tazarar da ke tsakaninsu. Biyar ke nan, kuma wajibi ne. Bayansu ana iya ƙara har lamba shida na tsinka layin: lamba sak alƙalami na ƙasa yana zane, mai alamar ragi alƙalami ya ɗaga, sifili kuma ɗigo. Ga abin da nake tsammani daga yaron:

*PARPEN15, bulo 40x20 da siminti 15
0, 0,0, 0,215
90, 0,0, 215,207.5, 215,-215

Layi na biyu shi ne sahu, miƙaƙƙen layi a kwance duk milimita 215. Na uku shi ne gaɓoɓin tsaye: a zana 215, a tsallake 215, a matsa rabin bulo, wato 207.5, a hau sahu ɗaya, a sake. Shi ke nan.

Ranar farko: kurakurai masu ihu

Da azahar yaron ya zo ya ce, "Malam, hashur ɗin bai fito a jerin ba ko kaɗan."

Wannan ba ta ɗauki lokaci ba. Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, to abin da yake gani a matsayin parpen.pat, ainihinsa parpen.pat.txt ne. Muka gyara. Sannan sunan fayil parpen ne, sunan da ke bayan tauraro kuma PARPEN15, alhali idan hashur yana zaune shi kaɗai a fayil ɗinsa dole sunayen biyu su zama ɗaya. Muka gyara. Jakar da ya ajiye shi ba ta cikin jerin wuraren da manhajar ke leƙawa, muka ƙara ta ta OPTIONS, a shafin fayiloli. Na kuma sa ya danna Enter bayan layin ƙarshe, domin idan ba a rufe layin nan ba manhajar kan ƙi karɓar hashur na ƙarshe. Na farfajiya ya sa masa suna da harafin Faransanci mai alama a ka, na sa ya mayar da shi PAVE ya adana da tsohon tsarin haruffa na ANSI, saboda Notepad tun 2019 da UTF-8 yake adanawa idan ba a hana shi ba, manhajarmu kuwa ta girmi wannan canjin, ban ga dalilin tsokanar rigima ba.

Sai sunan ya fito, amma da aka zaɓe shi manhajar ta ce fayil ɗin ba daidai yake ba, akwai abin da ya ɓace a layi na 2. Na ce ya buɗe in gani. Ga abin da na tarar:

0;0;0;0;215
90;0;0;215;207,5;215;-215

Yaron mai tsari ne, a Excel ya yi lissafinsa, kowace lamba a gidanta, sannan ya adana a matsayin CSV, wato rubutu tsura, ya kwafo. Kwamfutocinmu duk a kan tsarin Faransanci suke, kamar yawancin ofisoshin Garwa da Marwa da Ngaundare, kuma a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta: ɗari biyu da bakwai da rabi 207,5 ake rubutawa. Tun da waƙafi ya samu wannan aikin, sai Excel ya raba gidaje da waƙafi mai ruwa. Shi kuwa waƙafi mai ruwa a fayil na .pat ma'anarsa ita ce duk abin da ke damansa sharhi ne, kada a karanta. Wato manhajar ta karanta 0 a layi na 2, ta ga saura sharhi ne, ta nemi lamba huɗu ta rasa. Ba ta yi ƙarya ba.

Na ce masa, "Maye gurbin waƙafi mai ruwa da waƙafi, ka gwada." Na faɗa a tsaye, da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, ina sauri zuwa wurin awon wani fili. Laifin abin da ya biyo baya nawa ne, ba nasa ba. Ya yi abin da na ce daidai, ya gwada a ɗan murabba'in mita biyu, bulo ya fito sumul, ya zuba a bangon gaba ɗaya, muka buga a takardar A1 da yamma.

Rana ta biyu: kuskuren da bai yi magana ba

Washegari Alhaji ya zo da magininsa, dattijo mai furfura wanda ya fara ɗora bulo tun ban san hannun damana ba. Muka shimfiɗa takardar a tebur. Alhaji na kallon shaguna yana lissafin haya, shi kuwa dattijon ya sa yatsa a kusurwar hagu ya bi bangon a hankali. Da ya kai wajen shago na biyu ya tsaya.

"Ɗana, wannan bulon a ina ake buga shi?"

Na ce, "Wanne, Baba?"

"Wannan da gaɓarsa ta hau kan sahu. Ni dai ban taɓa ganin bulon da rabinsa ke sahun ƙasa rabinsa na sama ba."

Na sunkuya na duba. A kusurwar hagu komai lafiya. Ana matsawa dama, gaɓoɓin tsaye suna ɗan hawa sama, suna barin layin ƙasa suna huda na sama. Wajen mita 9 sun tsaya a tsakiya sosai, bangon ya koma kamar raga. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wajen mita 18 sai suka koma daidai, sannan suka sake lalacewa, haka har ƙarshen bango. Na ba Alhaji haƙuri na ce a ba mu zuwa gobe.

Zargina na farko ya tafi kan injin buga zane, don takarda kan zame a cikinsa idan zafi ya yi yawa. Amma a allon kwamfuta ma haka yake. Na biyu, na zargi iyakar bangon, ko layin ƙasa bai kwanta daidai ba. Na auna, sifili ne cif. Na ɓata kusan awa biyu a nan, har wuta ta ɗauke ta dawo, kafin na yi abin da ya kamata in fara da shi: na kwafi hashur ɗin gefe, na tarwatsa shi da EXPLODE ya koma layuka, na auna ɗaya. Tsawon gaɓa ya kamata ya zama 215. Abin da na samu guntaye biyu ne manne da juna, ɗaya 5, ɗaya 215. Tazarar gaɓa da gaɓa kuma 207, babu rabi. Na buɗe fayil ɗin:

90,0,0,215,207,5,215,-215

Na ƙirga lambobin da yatsa. Takwas. Bakwai na rubuta a kaina. Waƙafin da ke cikin 207,5 ya zauna a wurinsa, kuma da sauran suka koma waƙafi sai ya saje da su. Manhajar ta karanta tazara 207, sannan tsinke uku: zana 5, zana 215, tsallake 215. Babu doka ko ɗaya da layin ya karya, lamba biyar na wajibi suna nan, tsinke uku bai kai shida ba. Don haka ta karɓa ta yi shiru.

Daga nan lissafi ya bayyana komai, har da abin da ya ɗaure mini kai. Sahu biyu 430 ne. Zagayen tsinken da ya lalace kuwa 5 da 215 da 215, wato 435. Duk gaɓa biyu da aka matsa, wato milimita 414 na bango, sai a samu saɓanin milimita 5. A mita biyun da yaron ya gwada saɓanin bai wuce santimita biyu da rabi ba a can ƙarshe, a sikelin 1/100 kuwa wannan rubu'in milimita ne, kaurin alƙalami. Ido ba zai kama ba. A mita 9 ya taru ya kai kusan 109, rabin sahu, inda yatsan Baba ya tsaya. A mita 18 ya kai 217, sahu guda cur, sai gaɓoɓin suka faɗa cikin sahun gaba suka yi kamar na ƙwarai. Da tun farko na tsaya na tambayi kaina me ya sa ɓarnar ke dawowa duk mita 18, da na gane cewa zagaye biyu ne ke tsere da juna. Takarda idan ta zame ba ta komawa daidai da kanta.

Gyaran harafi ɗaya ne, waƙafi ya koma ɗigo. Amma da muka adana muka koma zane, bangon bai motsa ba. Yaron ya dube ni. Wannan kam na san ta: hashur idan an zuba shi, yana ɗauke da kwafin lambobinsa a cikin zanen kansa, shi ya sa wanda ka aika wa zane yake ganinsa ko da ba shi da fayil ɗinka. Gyara fayil ba ya taɓa wanda aka riga aka zuba, sai an sake zaɓar masa hashur ɗin. Muka share muka sake zubawa, a kwamfutata ya fito daidai daga kusurwa zuwa kusurwa. A ta yaron kuwa ɓarnar ta dawo. Na rubuta wannan a layin umarni:

(findfile "parpen15.pat")

Sai ta nuna wata jaka dabam. Tsohon kwafi ne da ya ajiye jiya lokacin da yake ta gwaji, kuma jakar tana saman tamu a jerin wuraren bincike, manhajar kuwa wanda ta fara tararwa shi take ɗauka. Muka goge shi.

Farfajiya

Na ɗauka mun huta, ashe da sauran rina a kaba. Pave ɗin milimita 200 ne da 100. Yaron ya fara rubuta ƙashin kifin a miƙe, kuma ya yi daidai, abin da na yaba masa don ba kowa ke samunsa da farko ba:

0, 0,0, 100,100, 300,-100
90, 100,0, -100,100, 300,-100

Da Alhaji ya ce a karkace yake so, sai ya mayar da 0 ta koma 45, 90 ta koma 135, ya bar saura. Sakamakon ya yi kama da tsintsiyar da aka watsa: layuka na nan da tsawonsu, amma kusurwoyi ba sa haɗuwa. Dalilin wani abu ne da ke rikita har tsofaffin hannu. Gocewa da tazara ana auna su ne bisa layin kansa, idan ya juya su ma sun juya tare da shi, babu buƙatar a taɓa su. Wurin farawa kuwa bisa shimfiɗar zane ake auna shi, ba ya juyawa. Saboda haka 100,0 ɗin nan sai an juya shi da hannu: 100 sau 0.70710678 a kwance, haka a tsaye.

45, 0,0, 100,100, 300,-100
135, 70.710678,70.710678, -100,100, 300,-100

Wanda ya buɗe AR-HBONE, hashur ɗin ƙashin kifi na AutoCAD, a acad.pat zai ga wannan ginin ne, da 4 a madadin 100. Ni a ra'ayina ma wahalar banza ce: a bar shi a miƙe cikin fayil, a ba shi kusurwa 45 lokacin zubawa, lambobi su zauna cikakku. Amma na bar yaron ya yi ta doguwar hanya sau ɗaya don ya san inda ramin yake.

A zanen gwaji ya fito kamar saƙar tabarma. Da muka kai shi taswirar fili, farfajiyar ta fito fayau, babu layi ko ɗaya. Mai awon fili da mita yake aiki, mu da milimita, to pave ɗinmu ya zama mai tsawon mita 200, farfajiyar gaba ɗaya ta shige cikin guda ɗaya. Sikeli 0.001 ya warware wannan. Sai ga ta ƙarshe: ƙashin kifin ya fito, amma a wargaje, wasu gaɓoɓi sun zarce, wasu ba su kai ba, alhali fayil ɗin bai canza ba.

Taswirar a kan UTM take, ma'aunin taswirar duniya da mita, yanki na 33 na arewa. Garwa a wannan ma'aunin tana wajen mita 324,000 ta gabas, da sama da mita miliyan ɗaya ta arewa, tun da daga layin da ya raba duniya biyu ake fara ƙirga. Shi kuma hashur, idan ba a gaya masa ba, daga 0,0 yake fara jera layukansa. Wato manhajar tana ɗora pave na santimita 10 tun daga nisan da ya haura kilomita dubu, layi wajen miliyan goma, kafin ta iso filin Alhaji. Lambobin da take riƙewa ba sa wuce gurbi 15 zuwa 16, kuma a kusurwa 45 lissafin ba ya ƙarewa cif, to ɗan guntun da ake yarwa a kowane mataki idan aka ninka shi sau miliyoyi sai ya fito fili. Ba a taɓa fayil don wannan. Muka zaɓi hashur ɗin, muka sa masa sabon mafari a kusurwar farfajiya ta wajen ƙofa, nan take ya daidaita. Saitin HPORIGIN ke riƙe da wannan ga hashur da za a zuba nan gaba. Ribar ƙafa kuma, tun da daga wannan kusurwar masu shimfiɗa za su fara, yankan pave na bakin bango ya fito a takarda yadda zai fito a ƙasa.

Abin da muka canza a ofis bai da yawa. Fayilolin .pat suna jaka ɗaya a kwamfutata, sauran biyun daga can suke karantawa. Wanda ya yi lissafi a Excel da hannu zai kwafe lambobin. Kuma gwajin hashur ya tashi daga murabba'in mita biyu ya koma zirin mita 50, a duba ƙarshensa da tsakiyarsa, a tarwatsa kwafi a auna gaɓa ɗaya. Kuɗin sake buga A1 huɗu daga aljihuna ya fita, injiniya bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da muka kai wa Baba sabuwar takardar a wurin aikin, ana sauke buhunan simintin Figil daga mota, ya sake bin bangon da yatsa tun daga hagu har dama, bai tsaya ko'ina ba. Sannan ya ƙirga sahu daga ƙasa zuwa saman ƙofa, goma, ya karanta 2,15 da ke gefe, ya ɗago kai.

"Ɗana, simintin tsakani nawa ka sa?"

"Santimita ɗaya da rabi, Baba."

Ya girgiza kai. Bulon da ake bugawa da hannu a nan, in ji shi, ba ya fita kai ɗaya, wani ya ɗara wani, da ɗaya da rabi ba za ka iya ɓoye bambancin ba a bangon da babu filasta. Shi biyu yake sawa, kuma da biyu zai gina wannan. Babu wanda ya tambaye shi tun farko, ni ne kuwa ya kamata in tambaya.

Muka koma ofis, injiniya ya amince saman ƙofofi ya koma 2,20, yaron ya zauna ya rubuta sabon fayil: tsayi 220, tsawo 420, rabinsa 210.

0, 0,0, 0,220
90, 0,0, 220,210, 220,-220

Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya juyo ya ce, "Malam, wannan ai ko guntun lamba babu a ciki."